Girkin Kejun tun daga tushe: yajinsu, suyar ru, har zuwa naman kada

Ranar da na fara cin gambo a wani ɗan gidan abinci na bakin hanya kusa da garin Lafayet a jihar Luwiziyana ta Amurka, da aka dire min kwanon sai da na kalli matar da ta kawo na sake kallon kwanon, don wani ruwa ne baƙi-baƙi kaman an jiƙa daddawa, ga 'yar shinkafa a tsakiya ta yi tsibiri, na ce a raina yau kam kuɗina sun tafi a banza. Cokali ɗaya na kai baki na yi tsit. Wani ƙamshi ne kaman na gyaɗar da aka soya ta kusa ƙonewa amma bata ƙone ba, yajin kuma baya dukan harshe nan take, sai kin haɗiye yake biyo baya a maƙoshi. Tun daga ranar nake bin girkin nan, na ɓata tukwane da yawa kafin hannuna ya faɗa, shi yasa zan jero miki shi yanda da ma ace wani ya jero min tun farko. Kuma eh, sunan abincin gambo, ba Gambo ƙanin tagwaye ba, an riga an min wannan tsokanar a gida har na gaji.

Su Kejun ɗin asalinsu Faransawa ne da suka zauna a wani yanki da ake kira Akadiya a gabashin Kanada ta yanzu. A 1755 Turawan Ingila suka fara korarsu, aka loda su a jiragen ruwa aka tarwatsa su, wasu suka gangaro kudancin Luwiziyana daga wajajen 1765 suka zauna cikin fadamu da bakin rafuka inda ba kowa ke sha'awar zama ba. Sunan Akadiyan ɗin ne baki ya tattauna har ya koma Kejun. Talakawa ne, manoma da masunta da masu ɗana tarko, duk abun da ya faɗa tarko ko ƙugiya shi ke shiga tukunya, daga nan cin kada da kwaɗo da kurege ya samo asali. A can suka tarar da baƙaƙen fata da aka kwaso daga Afirka ana bautar da su, da kuma ƙabilun asalin ƙasar irin su Cokto, kowa ya zuba nashi a tukunyar. Kalmar gambo ma daga sunan kuɓewa ta fito a harsunan Afirka ta tsakiya, 'yan uwanmu na Nijar da suka yi boko da Faransanci sun san gombo ake ce wa kuɓewa har gobe.

Kafin ki kunna wuta

Abu ɗaya da ya kamata ki sani tun yanzu, mutanen nan alade ne ƙashin bayan girkinsu. Akwai sosej ɗinsu mai hayaƙi da suke kira anduyi, akwai taso wanda kyafaffen nama ne mai yaji, akwai budan da ake ɗura shinkafa da nama da hanta a hanji, duka ukun na alade ne. In kina can kin shiga gidan abinci kar ki ji kunyar tambaya, ko gambon kifi ne ki tambaya ko an sa sosej, ko da kitsen alade aka yi ru, wato soyayyar fulawar da suke kaɗa miya da ita, ko an zuba giya a miyar, don suna yi kuma su a wajensu ba komai bane. A gida kuwa sauƙi ne, abun da aladen ke kawowa a tukunya hayaƙi ne da maiƙo, toh kyafaffen naman sa ko kyafaffiyar kaza ko sosej na naman sa zai tsaya miki. Ni har ragowar balangu na taɓa sawa ya bada ma'ana, amma tsire da kilishi kar ki sa, ƙuli-ƙulin jikinsu zai juya miki girkin gaba ɗaya.

Tukunya kuma mai kauri ake so, ta baƙin ƙarfe in da hali, in babu ki ɗauko irin tukunyar dalma ta maƙera mai nauyi ɗin nan. Silba mai shara-shara zata ƙona miki ru tun baki je ko'ina ba. Sai cokalin katako mai dogon hannu, wanda bakinsa ke a baje ya fi don yana kwashe gindin tukunya.

Mataki na farko, yajin

A kantuna zaki ga gwangwanaye irin su Tony Chachere's da aka fara yi a garin Ofelusas a 1972, ko Slap Ya Mama na garin Bil Filat, suna da daɗi amma gishirinsu ya yi yawa, kafin ki kai yajin da kike so abincin ya zama na gishiri zalla. Gara ki haɗa naki. Da babban cokali zaki auna: garin jan tattasai busasshe 3, garin tafarnuwa 2, garin albasa 1, baƙin masoro 1, farin masoro 1, garin barkono 1, tayim 1, oregano 1. Ki juya sosai ki zuba a kwalba mai murfi, zai yi miki wata uku zuwa huɗu da ƙamshinsa. Gishiri ban sa a ciki ba da gangan, a tukunya nake sawa daban.

Masoron da ake nufi irin na kanti ne wanda ake shigowa da shi, namu na kasuwa mai 'yar wutsiya ya fi shi ƙarfin ƙamshi da ɗan ɗaci, in shi kike da shi ki rage zuwa rabi. Dalilin haɗa masoro biyu da barkono kuwa, kowanne inda yake kamawa a baki daban, barkono a kan harshe, baƙin masoro a hanci, farin kuma can baya, shi ne abun da na ji a maƙoshi ranar farko ban san sunansa ba. Sannan dan Allah ki riƙe hannunki, na san halinmu, hannu zai kai kan kori da citta da kanunfari da kimba. Kina sa su kin dawo farfesu. Farfesu ba laifi bane amma ba shi muka fito yi ba. Tsofaffin Kejun ɗin ma a gidajensu da yawa gishiri da jan barkono da masoro da tafarnuwa ne kawai, sauran ƙarin zamani ne. Ɗunƙule guda ɗaya ko biyu a romo ba zan hana ki ba, ni ma ina sawa.

Ruwan yaji na kwalba kuma a tebur ake ajiyewa kowa ya ɗiga nashi. Tabasco ɗin da kike gani a manyan kantuna ɗan can ne, a tsibirin Eberi ake yinsa tun 1868.

Mataki na biyu, kayan miya uku

Albasa, koren tattasai, seleri. Kusan ba girkin da basa farawa da waɗannan ukun, har suna musu laƙabi da triniti, wato uku-cikin-ɗaya na addinin Kirista, saboda su 'yan Katolika ne, tafarnuwa kuma su ce ita ce fafaroma. Awon da nake bi albasa kofi 2, koren tattasai kofi 1, seleri kofi 1, tafarnuwa ƙwaya 5 ko 6. Yankawa ake ƙanana-ƙanana kaman ƙwayar masara, ba markaɗe ba jajjage, in kika kai inji ruwa zasu saki su ƙi soyuwa. Seleri zaki samu wajen masu kayan salak da ake kawowa daga Jos, sandar ake so ba ganyen kaɗai ba. In ya gagara ki ƙara koren tattasai ki sa karan fasili, ba zai zama daidai ba amma ba wanda zai kama ki. Ki gama yanka komai ki ajiye a kwano kusa da murhu kafin ki fara mataki na gaba, don da kin fara ba ɗagawa.

Mataki na uku, ru, nan ne aikin yake

Ru fulawa ce da mai ake soyawa tare har su yi duhu, shi ke ba gambo kalarsa da wannan ƙamshin na soyayyar gyaɗa da ɗan kauri. Man gyaɗa kofi 1, fulawa kofi 1. Bota bata yi a nan, tana ƙonewa kafin a kai duhun da ake so, manja kuma ki barshi a kwalbarsa.

Ki ɗora man a matsakaiciyar wuta, in ya ɗau zafi ki barbaɗa 'yar fulawa kika ga tana tsuwa, sai ki zuba sauran a hankali kina juyawa har gudajin su baje. Daga nan juyi ne kawai, ki bi gindin tukunyar lungu-lungu, har gefe inda fulawa ke son maƙalewa. Wajen minti 10 na farko zai yi kumfa yana kalar madara, warin ɗanyar fulawa na tashi. Sai ya koma kalar tunkuza. Sai kalar ƙuli-ƙuli, a nan ƙamshi zai cika gida har maƙota su fara leƙe. Daga ƙuli-ƙuli zuwa kalar cakulan ne wajen haɗarin, don abun da ya ɗauki rabin awa yana rarrafe yanzu cikin minti biyu zai iya wuce ki, toh ki rage wuta can ƙasa ki ƙara saurin hannu. Duka-duka minti 35 zuwa 45, wani lokaci har awa in wutar ta yi sanyi.

Karo na na farko waya ce ta kashe ni. Ina kalar ƙuli-ƙuli yayata ta kira daga gida, na ce bari in ɗauka in ce mata zan kira, gaisuwar nan tamu da bata ƙarewa, ya yara ya maigida ya sanyi, ko minti ɗaya ban cika ba na juyo na ga ɗigo-ɗigon baƙi kaman an watsa masoro. Na ce ai ba komai na ci gaba, na zuba kaza guda sukutum a kai, ƙarshe tukunyar nan ɗaci kaman an dafa da maɗaci, ba wanda ya iya cokali uku. In kika ga baƙin ɗigon nan ko kika ji ƙauri, ki zubar ki wanke tukunya ki sake, asarar kofin fulawa ta fi asarar kaza sauƙi.

Sannan ki kiyaye jikinki, ru ya fi tafasasshen ruwa zafi nesa ba kusa ba kuma in ya fallatsa manne wa fata yake, yara su fita daga kicin, ke ma kar ki tsaya da hannu a buɗe ko mayafi na reto. Mai oba tana da hanyar ragwaye, ki haɗa man da fulawar a tukunyar ƙarfe ki sa a digiri 180 na Salsiyos, ki dinga juyawa duk minti 20, awa ɗaya da rabi zuwa biyu zai kai, kuma da wuya ya ƙone. Wani abu da ya ban mamaki da farko, iya duhun ru iya raguwar ƙarfin kaurinsa, shi yasa gambon Kejun na gaske yake ruwa-ruwa, kar ki zaci miyar taushe zaki samu.

Da ya kai kalar cakulan sai ki juye kayan miyan nan uku a ciki gaba ɗaya, zai yi cuuu ya tada tururi, ki ja fuskarki baya. Su ne ke tsayar da suyar. Ki juya minti 5 zuwa 7 har albasar ta yi laushi, sannan tafarnuwa ta shiga ta yi minti ɗaya.

Mataki na huɗu, gambon kaza ko zabo

Tun kafin ki fara ru ya kamata ki yi wannan: ki yanka kazar gida ko zabo guda, ki shafe da yajin nan cokali 2 da gishiri, ki soya sama-sama ya yi ja ki ajiye. Zabo ba ƙirƙirata bace, su ma a ƙauyukansu suna gambon zabo da na tsohuwar kaza, don naman da ke jure doguwar dahuwa ake so, kazar gidan gona kafin awa ta ruguje. Ki tanadi romo mai ɗumi lita 2 da rabi zuwa 3, na ƙasusuwa da wuya da ƙafafu ya isa.

Romon nan ludayi-ludayi zaki dinga zubawa a kan ru kina juyawa, in kika kwara shi lokaci ɗaya mai zai rabu da fulawa ya taso sama. Ko ya ɗan rabu kar ki tsorata, in ya tafaso yana haɗewa. Ki sa ganyen bay 2, naman zabon, da kyafaffen nama kaman rabin kilo da kika yanka ƙanana, in ya tafasa ki rage wuta ya dinga ɓararraka a hankali, murfi a karkace, awa ɗaya da rabi zuwa biyu. Mai zai dinga taruwa a sama, ki dinga kwashewa da cokali, zaki kwashe da yawa kar abun ya dame ki. A rabin awa na ƙarshe ki ɗanɗana gishiri da yaji.

Maganar kuɓewa kuwa nan muka sha bamban da su. Mu yauƙi muke nema har kanwa muke sawa, su kuma kashe shi suke, su yanka ɗanyar kuɓewa su soya ta daban da ɗan mai minti 20 zuwa 30 har yauƙin ya mutu sannan ta shiga tukunya. In kina so ki sa kofi 2 haka. Wasu kuma basa sa kuɓewa sam, sai wani garin ganye da ake kira file, na bishiyar sasafaras, wanda suka koya wajen Cokto. Ganin farko na rantse kuka ce, kalar ɗaya laushin ɗaya, aikin ma kusan ɗaya, amma ɗanɗanon daban. Ba a tafasa shi, sai an sauke ko a kwano kowa ya barbaɗa kaɗan, in ya tafasa zare-zare yake yi. Na gwada kuka a madadinsa sau ɗaya, ta kawo kauri amma sai ƙamshin ya ja ni gida, inaga gara a barshi babu.

Zubawa: shinkafa fara 'yar kaɗan a kwano mai zurfi, gambo da yawa a kai, lawashi da fasili yankakku a sama. Mutanen wajajen Lafayet har salak ɗin dankali suke ɗorawa a gefen kwanon ko cikinsa tsundum, na yi musu kallon mamaki kafin na gwada, yanzu ni ma haka nake. In ya kwana a firij ya fi daɗi.

Jambalaya a taƙaice

Wannan dafa-dukarsu ce, ba zata baki wahala ba. Bambancin kawai ta Kejun ba tumatir, ta mutanen birnin Niyu Olins da ake kira Kiriyol ita ce ja mai tumatir. Kalar ƙasa-ƙasan tata daga ƙanzon nama take fitowa. Ki soya kaza da sosej ko kyafaffen nama a ɗan mai har gindin tukunya ya kama ya yi ja sosai, ki kwashe, ki zuba kayan miya ukun ki soya su har albasa ta yi duhu kina ɗiga ruwa kina kankare ƙanzon, minti 15 zuwa 20 kar ki yi gaggawa. Sai nama ya dawo, yaji cokali 1 ko 2, gishiri, romo kofi 4, in ya tafasa shinkafa kofi 2, ki juya sau ɗaya ki rufe ruf ki kai wuta ƙasa, minti 25 ba buɗewa ba juyawa. Ki sauke ki barta minti 10 kafin ki baza ta da cokali mai yatsu.

Kifi mai baƙar suya

Wannan ba tsohon girkin ƙauye bane, wani shahararren kuku ne Paul Prudhomme ɗan wajajen Ofelusas ya fito da shi a gidan abincinsa K-Paul's da ya buɗe a Niyu Olins a 1979, abun ya karɓu a Amurka har sai da hukuma ta taka wa masu kamun irin jan kifin da yake amfani da shi birki don ya kusa ƙarewa a ruwa. Shi ne ma ya sa duniya ta ɗauka duk abun da aka bulbula wa barkono ya zama Kejun.

Tarwaɗa ko karfasa ko giwan ruwa duk suna yi, a fere tsokar ba ƙaya, kaurinta kar ya wuce yatsa. Ki ɗora kaskon baƙin ƙarfe ba mai ba komai ya yi minti 10 a wuta mai ƙarfi har ya fara hayaƙi. Ki tsane kifin, ki tsoma a narkakkiyar bota, soyayyen man shanu ma ya fi don yana jure wuta, ki barbaɗe yaji da gishiri gaba da baya, ki shimfiɗa a kaskon. Minti 2 zuwa 3 ki juya, ɗaya gefen ma haka. A tsakar gida zaki yi a kan gawayi, in kika yi a kicin hayaƙin barkono zai kori kowa da tari, ni a can ƙararrawar gobara ta tashi min har sai da maƙota suka fito.

Naman da ba a saba ba

Kafin komai, maganar halacci. Malamai sun saɓa a kan irin su kada da kwaɗo, Malikiyya sun sauƙaƙa a dabbobin ruwa gaba ɗaya, Shafi'iyya da Hambaliyya sun cire kada da kwaɗo, Hanafiyya kuma kifi kaɗai suka yarda da shi. Ki tambayi malaminki kafin ki saya, ni ba fatawa na zo bayarwa ba. Na tudu irin zomo da agwagwa kuwa sai an yanka yanda aka sani.

Kadan can aligeta ake ce masa, ɗan uwan namu ne amma bakinsa ya fi faɗi. An taɓa farautarsa har ya kusa ƙarewa, jihar ta rufe farautar daga 1962 zuwa 1972, yanzu akwai lokacin farauta na musamman wajajen Satumba da lasisi, kuma yawancin naman da ke kanti na gidan gona ne, a daskare cikin leda. Naman wutsiya ake nema, fari ne mai laushi, ɗanɗanonsa tsakanin kaza da kifi. Ki cire duk wani kitse da jijiya don ƙarnin a nan yake, ki yanka kaman lomar tsire, ki ɗan bubbuga, ki jiƙa a nono mai tsami da ruwan yaji awa 1 zuwa 2 a firij. Sai ki tsane ki birkiɗa a garin masara da fulawa rabi da rabi da yaji cokali 1, ki saki a mai mai zafi wajen digiri 180, minti 3 kacal. In kika ƙara ya zama roba, za ki yi ta tauna kaman cingam. Naman ƙafa ja ne mai tauri, shi sai miya. Wadda ke gida Najeriya ko Nijar kuma kar ta je neman kadan kogi a hannun mafarauta, dabba ce da doka ke karewa, tsokar tarwaɗa babba ko ƙirjin kaza in aka yi musu wannan jiƙon da suyar sun kusa kamo shi.

Cinyar kwaɗo ma haka ake mata, jiƙo ɗaya gari ɗaya, minti 4 zuwa 5 a mai. Irin manyan nan ne kaman burduddugi, akwai ma wani gari Rein da ke kiran kansa babban birnin kwaɗi na duniya, har biki suke yi duk shekara. Naman fari ne sumul, ya fi fiffiken kaza laushi.

Sai kirofish, wanda shi ne sarki a wajensu. Ba kirefish ɗinmu na miya bane, namu ƙananan jatan lande ne busassu, nasu kuma wani ɗan halitta ne na ruwan daɗi mai hannuwa biyu masu matsewa kaman na kunama, tsawon yatsa, a gonakin shinkafa ake kiwonsa bayan girbi a cika su da ruwa. Kakarsa daga ƙarshen sanyi zuwa Yuni, ya fi yawa a Maris zuwa Mayu. Da ransa ake sayensa a buhu mai kilo 15 ko sama da haka, a wanke shi ruwa bayan ruwa har ya daina fidda laka, a tsince matattun a zubar. A cika ƙatuwar tukunya irin ta biki da ruwa, gishiri da barkono da yawa fiye da yanda hankalinki zai yarda, lemon tsami, albasa, tafarnuwa dunƙule-dunƙule, a fara dafa dankali da masara a ciki, sannan a juye kirofish ya tafasa minti 3 zuwa 5, a kashe wuta a barshi ya jiƙu minti 20. A wannan jiƙon yaji ke shigarsa. Sai a juye a tebur kan jarida kowa ya tsaya ya sa hannu, a murɗe kai a tsotse romon ciki a matse wutsiya nama ya fito. Mutum ɗaya sai ya tashi da kilo 2 don naman kaɗan ne, kuma kar ki kuskura ki sosa ido.

In babu shi, ɗanyen jatan lande zai miki wata miyarsu mai kauri da suke kira etufe: bota cokali 4, fulawa cokali 3, ru mai haske kalar tunkuza kawai, kayan miya ukun, romon ɓawon jatan landen kofi 2, yaji, ya yi minti 20 ya yi kauri, naman ya shiga a minti 5 na ƙarshe, a ci da shinkafa. Busasshen kirefish ɗinmu ma yana da gurbi, don su ma suna gambon busasshen jatan lande da dafaffen ƙwai a lokacin azuminsu da basa cin nama, ki zuba cikin hannu ɗaya a romo ki ji yanda zai tashi.

Akwai kuma nutiriya, wata dabba kaman gyazbi mai jajayen haƙora da aka kawo daga Kudancin Amurka a shekarun 1930 saboda fatarta, ta bazu tana cinye saiwar ciyayin fadama har ƙasa na zaizayewa, yanzu jihar dala 6 take biya a kan kowace wutsiya, ana ta lallashin mutane su ci naman. An miƙo min a wani taro na ce na ƙoshi, gaskiya zuciyata bata ɗauka ba.

Ita da kurege da kififiya da zomo da barewa da ƙafar kada duk hanyarsu ɗaya, wata miya da suke kira sos pikan, wadda ita ce inda Kejun ke yarda tumatir ya shiga da yawa. Ki fara da zomo, shi ne mai sauƙin samu kuma ba gardama a kansa. Ki yanka gaɓa-gaɓa ki shafe da yaji da gishiri ya kwana a firij in da hali. Ki soya ya yi ja ki kwashe. A man ki yi ɗan ru, mai rabin kofi fulawa rabin kofi, kalar ƙuli-ƙuli ta isa. Kayan miya ukun su shiga, sai tumatirin gwangwani cokali 3 ki soya shi a ciki har ya yi duhu tsaminsa ya mutu, sai yankakken tumatir kofi 2, attaruhu 2 ko 3 don wannan miyar ana so ta ciji, romo kofi 4, ganyen bay, naman ya koma. Wuta ƙasa-ƙasa awa 2, kina leƙawa kina juyawa duk minti 15 don ru na son kama gindi, in ta yi kauri da yawa ki ƙara ruwan zafi. Zomon gida kan nuna a awa ɗaya da rabi, na daji da barewa sai sun haura biyu, ki soka cokali mai yatsu a cinya, in tsokar ta saki ƙashi ki matsa rabin lemon tsami ki watsa lawashi ki sauke.